Keɓe Fadama: Ƙwace Gona Ne Ko Tsaron Ruwa?

Duk sa'ad da maganar keɓe fadama ta taso a Zariya, ko a rediyo ranar 2 ga Fabrairu da duniya ke tunawa da dausayi, ko a majalisa bayan ruwan Agusta ya cika rafin Kubanni ya leƙa gidajen da ke gaɓa, tambayar da ke fara fitowa ita ce: in an ce an keɓe wuri, korar mutane za a yi don tsuntsaye su sake? Mai lambun tumatir a bakin kogin Galma yana jin kalmar kamar sammaci. Makiyayi yana ganin an toshe masa mashaya. Dillalin fili kuwa tuni ya shiga lissafin fulotan da ya yanka a cikin kwari.

Tsoron yana da tushe, domin an sha yin keɓewar da ta ƙare a ƙwace. Sai dai sunan ɗaya ne, abubuwan da ake kira da shi suna da yawa. Kuma a fadama, abin da ya fi buƙatar tsaro shi ne hanyar ruwa da lokacinsa: ta inda yake shigowa, kwana nawa yake kwanciya, da yaushe yake janyewa. In wannan ya lalace, ko katanga aka zagaya wurin da ita, ba a tsare komai ba.

Fadama, dausayi da rafi

Fadama ita ce ƙasar kwari da ruwa ke kwanciya a kanta wani sashe na shekara, sannan ya janye ya bar laka mai danshi. Ruwan ƙarƙashinta a kusa yake, wani wurin ka haƙa mita ɗaya ko biyu ka tarar da shi ko da rani. Dausayi a bakin masana muhalli ya fi faɗi, ya haɗa fadama da tafki da kududdufi da gulbi. Rafi da ƙorama su ne jijiyoyin da ke kawo ruwan. Sai filin ciyawar da ke tsakanin fadama da tudu, wanda ruwa ke taɓawa na 'yan kwanaki ya sake shi. Nan shanu ke samun ɗanyar ciyawa bayan ta tudu ta zama harawa a watan Disamba. Jiki ɗaya ne duka, wanda ya taɓa rafi a sama ya taɓa mai lambu a ƙasa.

Keɓewa hawa-hawa ce

Mafi tsauri shi ne gandun daji na ƙasa, wanda ke hannun gwamnatin tarayya. A cikinsa ba noma, ba kiwo, ba farauta, ba saran itace sai da izini. Misali na kusa da mu shi ne Kamuku a Birnin Gwari: hukumar gargajiya ta En'e ta keɓe shi a 1936, ya koma na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Ƙasa da wannan akwai gandun daji na jiha, akwai kuma makiyayar da aka keɓe wa shanu a ƙarƙashin dokar Jihar Arewa ta 1965.

Wanda aka fi yi wa mummunar fahimta shi ne rajistar Ramsar. Yarjejeniya ce ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, daga nan ranar dausayi ta samo asali. Najeriya ta shiga a 2001, wurin farko da ta gabatar shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100. A 2008 aka ƙara wasu, ciki har da Baturiya a Jigawa, Dagona a Yobe da tafkin Maladumba a Bauchi. Rajistar ba ta karɓe ƙasar kowa, ba ta kuma zuwa da 'yan sandan ƙasashen waje. Abin da ƙasa ke ɗaukar alkawari shi ne a ci moriyar wurin ba tare da an kashe shi ba. Har gobe ana su, ana noman shinkafa, ana kiwo a Nguru.

Akwai kuma keɓewar da iyayenmu suka sani tun kafin takarda. Sarkin Ruwa ya hana shiga tafki sai ranar su, wanda ya saci jiki ya jefa taru a ci shi tara. Haka ake yi wa kogin Matan Fada a Argungu, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum ranar biki. Fadamun Zariya, da suke sirara kuma cike da masu su, da irin wannan suka fi dacewa. Wanda ya ce zai yi musu irin ta Kamuku bai san wurin ba.

Aikin da fadama ke yi wa gari irin Zariya

Zariya a kan dutse take zaune. Dutsen Kufena kansa ne kawai ya leƙo, ƙarƙashin gari duk irinsa ne, kuma ruwa ba ya zama a cikin wannan dutse sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen ɓawon da ke samansa. Dalilin ke nan da rijiyoyi ke ƙafewa a Maris da Afrilu, burtsatsen wani ta ba da ruwa, ta maƙwabcinsa ta ƙi. Ruwan sama kuwa ba kaɗan ba ne, kusan milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka yana zuba ne cikin wata biyar. Matsalar garin ma'aji ce. Yashi da lakar da ke ƙarƙashin fadama su ne randar.

Lissafin ba wuya. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50 ya zuba lita 500,000 ke nan a kowace hekta. In ya sauka kan kwano da siminti, cikin mintuna ya taru a kwata ya nufi rafi. In ya sami fadama ya bazu, hekta ɗaya da ruwa ya kwanta mata zurfin santimita 30 ta riƙe lita miliyan 3, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 har guda 120,000. Wani ya nutse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, wani ya tsiyaye a hankali cikin makonni. Duk hektar da aka cike da ƙasa aka yi gini, wannan ruwan ba ɓacewa yake ba, gidan na ƙasa yake nufa.

Ciyawar fadama tana kuma rage gudun ruwa, laka ta kwanta kafin ta isa madatsa. Wannan ya shafi famfo kai tsaye. Kubanni, da ya taso daga wajen Shika ya ratsa Samaru ya faɗa Galma, shi aka datse a farkon shekarun 1970 don Jami'ar Ahmadu Bello ta sami ruwa, kuma masanan jami'ar sun sha auna yadda laka ke cinye zurfin dam ɗin. Lakar nan ƙasar gonakin sama ce, mai gona ya yi asararta, mai famfo ma ya yi.

Darasin Haɗejiya da Nguru

Ba a fahimtar batun nan sosai sai an dubi abin da ya sami babban dausayin Arewa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are suna haɗuwa su bazu a tsakanin jigayin Jigawa da Yobe. A da, ruwa na zuwa da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya malale, sannan ya janye. A kan wannan shiga da fita aka gina rayuwar yankin. Kifi ya bi ruwa cikin ciyawa ya yi ƙwai, manomi ya shuka shinkafa, ruwa na ja da baya ana bin sa da wake da alkama da kayan lambu, shanu su shigo daga baya su ci ragowar.

Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka a sama, don noman rani da ruwan birnin Kano. Fari ma ya taka rawa a shekarun 1970 da 1980. Ƙasar da ruwa ke malalewa, wadda a shekarun 1960 ake ƙiyasta ta kai hekta 250,000 zuwa 300,000, ta riƙa komawa ƙasa da 100,000 a wasu shekarun. Amma raguwar ba ita ce mafi muni ba. Dam ya canza halin ruwan: babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyi ta ragu, sai ga ɗan ruwa yana gudu shekara duka, har da rani. Wurin da a da yake bushewa ƙayau na wasu watanni ya zama kullum a jiƙe.

Irin abin da kacalla ke so ke nan. Ciyawa ce mai tsawon da ya fi mutum, tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, ga iri kamar auduga da iska ke kwasa. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ya mamaye gonakin wasu ya bar na wasu a bushe. Kwale-kwale ya kasa ratsawa. Tsuntsun jan baki ya sami masauki a cikinta, daga nan yake fita ya auka wa shinkafa da gero. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya suka sami gida na dindindin.

A lura, duk wannan ya faru ne a yankin da ke da rajistar Ramsar da gandun tsuntsaye na Dagona. Takardar keɓewa tana Nguru, mabuɗin ruwa yana Tiga. Masana tattalin arziki da suka kwatanta a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwan da aka bari ya malale a dausayin, in aka haɗa kifi da noma da itace, ya fi kawo amfani a kan irin adadinsa da aka juya zuwa manyan filayen ban ruwa na sama. Ga mutanen Galma wannan ba labarin nesa ba ne, tunda kogin na da madatsu a kansa, har da babban dam na Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau. Jadawalin sakin ruwa daga dam ya fi kowane allon sanarwa tasiri a kan fadamar da ke ƙasa da shi.

Abin da ke cin rafukan Zariya

Na farko ɗibar yashi. Tifa ta shiga tsakiyar rafi ta kwashe, gindin rafi ya yi zurfi, ruwan da ke cikin fadama ya tsiyayo ya bi shi. Mai lambu shi ke fara gani. Injin ban ruwa mai inci 2 ko 3 da ake ajiyewa a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 6 zuwa 7, kome ƙarfinsa. Sai ka ga an haƙa rami an saukar da injin ciki, baɗi a ƙara zurfin ramin. Duk lambun da ka ga inji a cikin rami, ruwan wurin yana guduwa ne.

Injinan su ma sun yi yawa. Tun da Shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa su da 'yan rijiyoyin bututu a farkon shekarun 1990, jigo ya zama tarihi, noman rani ya haɓaka, wannan alheri ne. Amma tumatir na shan milimita 400 zuwa 600 kafin ya gama, wato lita miliyan 4 zuwa 6 a kowace hekta. In kowa ya kunna nasa a lokaci guda a watan Fabrairu, na ƙarshen rafi laka zai tarar.

Sai noma har bakin ruwa. An nome gamba da jema da ke riƙe gaɓa, an sare giyayya da malmo da kanya, ruwan farko na zuwa gaɓar ta zube, kwazazzabo ya fara cin gonar da aka yi kwaɗayin ƙarawa. Ga maganin feshi, wanda ya ƙaru sosai tun da tsutsar da manoma ke kira sharon ta halaka tumatir a 2016, kuma a cikin rafin ake wanke tankin feshin. Ga masu zuba gamalin a kududdufi don kwasar kifi, da masu su da gidan sauro da ba ya barin ko ɗan tsako. Cikin gari kuma bola da kwata da gini a kan hanyar ruwa. Akwai ƙa'idar tarayya ta 2009 a kan kare dausayi da gaɓar koguna, amma wanda ya bi Kubanni a ƙafa daga Samaru zuwa Tudun Wada zai ga iyakar inda ta kai.

Namun da tsuntsayen: me suke nunawa

Ba giwa ko zaki ake magana ba. Mazauna fadama ƙanana ne, kuma kowanne yana ba da labarin ruwan. Gaiwa na shiga laka ta lulluɓe kanta ta yi rani a ciki, don haka tana buƙatar fadamar da ke bushewa ba tare da an haƙe ta ba. Tarwaɗa na bin ruwan farko cikin ciyawa ta yi ƙwai, in ba ciyawa a gaɓa ba 'ya'ya. Kwaɗi da burduddugi su ne farkon mutuwa idan magani ya yi yawa, fadamar da aka yi ruwan dare ba a ji kukansu ba akwai abin dubawa. Guza da kififiya da gyazbi suna son kurmin bakin rafi. Belbela na bin shanu tana cin fara, zalɓe na tsaye a ruwa, zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai a filin ciyawa, shi ya sa wutar ƙarshen rani ke cutar da shi.

Akwai baƙi iri biyu. Shamuwa daga kudancin Afirka take dawowa gab da damina. Wasu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen gaɓa kuma daga Turai suke ƙetaro Sahara wajen Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu, dubbansu ake ƙirgawa a Dagona da Baturiya. Gauraka kuwa, da aka fi sani da tsuntsun ƙasa na Najeriya, ya kusa ƙarewa a dajin ƙasar nan. Kama shi don kiwo a gidajen manya da lalacewar fadamun da yake sheƙa su suka cinye shi.

Yadda ake yi a aikace

Ana farawa ne da gano iyakar ruwa, kuma a watan Satumba ake wannan, lokacin da ya kai maƙura. A bi da dattawan wurin a kafa turaka inda ya tsaya, a tambaye su inda ya kai a shekarar babbar ambaliya. Iyakar da aka shata da rani ƙarya take yi, wannan kuskuren shi ke sa a ba da fuloti a cikin ruwa.

Daga nan a bar ɗamara a kowace gaɓa da ba za a sa garma ba. Ƙaramar ƙorama mita 5 zuwa 10 na yi mata aiki, kogi kamar Galma yana son 30 ko fiye. Ba zaman banza ɗamarar za ta yi ba, ana yankar ciyawarta a ba dabbobi ko a yi zana. Inda gaɓa ta fara zubewa a dasa jema: a tsaga tushe mai kara biyu ko uku, a datse ganyen ya rage santimita 20, a jera a tazarar santimita 10 zuwa 15 a kan layin da ya gitta gangara, da zarar damina ta zauna. Abu biyu ke kashe aikin. In tazarar ta yi faɗi ruwa zai bi giɓin ya haƙa rami, in kuma aka bar awaki a shekarar farko za su tumɓuke ta kafin saiwa ta kama. Itatuwa a sa na wurin, giyayya, malmo, ɗinya, giginya. Itacen turare dai kada a kusanto da shi, yana shan ruwa rani da damina.

Shanu ba a hana su ruwa, hana su shi ne kiran rigima. A ware mashaya ɗaya ko biyu a inda gaɓa ke da tsakuwa, a buɗe burtalin da zai kai su ba tare da ratsa lambu ba, a kuma jinkirta shigarsu filin ciyawa har ƙasa ta yi tauri, domin kofato a kan laka yana kashe saiwa, ga ciwon hanta da shanu ke ɗauka a wurin da ruwa ke kwance. In dole a sa wuta, a sa ta a Nuwamba da sauran danshi, tsiri-tsiri. Ta Fabrairu da Maris tana cin komai har ƙananan itatuwa.

Kacalla in ta ɓullo a tare ta tun tana 'yar kaɗan. Ƙona ta ɓata ashana ne, saiwar na nan a ƙasa. Ana yanke ta ne a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya, kafin ta yi fure, sau biyu ko uku a jere, domin ta karan take shaƙar iska, in ruwa ya rufe bakin yankan saiwar ta shaƙe. Wurin kuma a bar shi ya bushe in da hali.

Wa zai ji a jikinsa

Mai ƙaramin lambu shi ya fi kowa. Wanda gonarsa ke da faɗin mita 40 daga bakin rafi, aka ce ya bar 10, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kuma mafi danshi. Ribar da ake faɗa masa sai bayan shekaru, mafi yawanta ma na ƙasa da shi ne za su ci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar kuma ta abin da ke kan ƙasar ce, amfanin gona da gini da itatuwa, ba ta ƙasar ba. Ɗan aro ko ɗan haya, waɗanda su ne da yawa a fadama, sau da yawa ko sunansu ba ya shiga jerin. Masu lodin yashi ma abincinsu ne, hana su ba tare da nuna musu wani wurin ɗiba ba yana mayar da aikin na dare ne kawai.

Masu son a kori kowa suna da tasu hujjar, cewa ƙa'ida mai sassauci ba ta aiki a inda kowa ke da uban gida. Amma dajin da aka fitar da mutane ba a sa isassun masu tsaro ba, an ga abin da ya zama a Birnin Gwari. Fadamar da mai lambu da masunci da ardo ke kwana kusa da ita tana da idanu, in dai su ma da hannunsu a shata dokar.

Saboda haka in jami'ai suka zo da maganar keɓewa, a gaban mai unguwa ko dagaci, akwai abin da ya kamata a nema a rubuce kafin kowa ya dangwala yatsa. Wane irin keɓewa ne, kuma a ƙarƙashin wace doka. Ina taswira, ina turakan iyaka, a wane wata aka auna. Me aka hana, shekara duka ne ko wasu watanni. Ɗan aro yana cikin lissafin diyya ko mai gona kaɗai. Ina mashaya da burtali suka faɗa. Wa zai ci tara, ina kuɗin za su. Sannan a nemi jadawalin sakin ruwa daga madatsar da ke sama, wata-wata, da sunan ofishin da za a kai ƙara in an saɓa.